Inda Ke Yi wa Takwas Ciwo

"Yaya, ɗago kai ki duba min. Ina ɗingishi?"

Na tsayar da keken ɗinki na ɗago. Takwas ne tsaye a bakin ƙofarsa, ya sha wanka, ya sa farar riga mai guga, har da turare. Ya taka daga ƙofar zuwa bakin famfo, ya juyo, ya dawo, ƙirji a gaba kamar wanda za a ɗauka hoto.

"Ba ka ɗingishi," na ce. "Amma ba asibiti za mu ba? Wannan ai kwalliyar zuwa zance ce."

"To ai zancen ne. Likita ma sai ka burge shi."

Mun daɗe a gidan hayar nan, bango ɗaya ya raba ɗakina da nasu. Tun rasuwar maigidana shi ke gyara min ƙwan fitila, shi ke sa wa kekena mai. Ba mu haɗa dangi ba, amma Yaya yake ce min, ni kuma ban taɓa jin ba haka ba ne. Sunan Takwas kuwa daga lambar rigarsa ya samo shi a ƙungiyar ƙwallon da ya fara buga wa. Ya sa wasu lambobin daga baya, sunan dai ya ƙi sakinsa.

Ɗan wasan tsakiya ne. Ni ban san ƙwallo ba, shi ya yi min bayani wata rana yana zaune a kan benci kusa da kekena.

"Kin ga mai cin ƙwallo? Shi ne adon wuyan riga, kowa shi yake kallo. Ni ɗinkin ciki ne. Ba mai ganina, amma in na warware rigar ta tashi aiki."

Ya yi yawo ba kaɗan ba. Masu jar riga suka sayar da shi ga masu shuɗiya, masu shuɗiya suka ba da aronsa ga masu kore, daga can ya tsallaka wata ƙasa, ya dawo, ya sake tafiya. Matarsa, wadda muke kira Malama saboda tana koyarwa a firamare, ta ce ƙaura ta ishe ta har ta daina fitar da kwanukanta daga kwali.

Kowace ƙungiya kuwa, kafin ta ɗauki ɗan wasa sai likitanta ya duba shi tas. Takwas yakan ba mu labarin yadda yake tsallake wannan dubawar, mu yi ta dariya. Ya gasa gwiwa da ruwan zafi tun safe. Ya haɗiye maganin kashe ciwo kafin ya fita. Idan likita ya danna wurin da ke ciwo, sai ya kafa wa bango ido ya ɗauko hira mai daɗi. Ya ce duk 'yan wasa haka suke yi, babba ya koya wa ƙarami. A lokacin abin dariya ne a wurinmu.

Ranar nan dai ban yi dariya ba, domin na ga tukunyar ruwan zafi a bakin ƙofarsu, na kuma ga fankon maganin kashe ciwo a cikin shara. Watanni ke nan kullum da safe ina jin amansa ta bango. Fuskarsa ta kumbura, abinci ya daina shiga. Da ƙyar Malama ta shawo kansa ya yarda da zuwa asibiti, sai ranar ta faɗo kan jarrabawar ɗalibanta. Kafin ta fita ta riƙe hannuna.

"Yaya, ki shiga da shi har ciki. In kika bar shi shi kaɗai, hirar ƙwallo za su yi ya fito."

Kamar ta sani. Muna shiga, likitan, wani matashi mai gilashi, ya dubi katin, ya dubi mutumin, ya cire gilashin.

"Takwas? Na masu jar riga? Babana a kafaɗa yake ɗora ni don in hango ka."

Shi ke nan. Takwas ya ƙara miƙe wuya. Aka ce ya hau gado, ya hau da tsalle kamar yaro. Likita ya danna cikinsa, ya danna gefen bayansa ƙasan haƙarƙari, yana tambaya ko da zafi. Takwas ya kafa wa bango ido yana ba shi labarin wani wasa da suka buga cikin ruwan sama. Fuska tana murmushi. Ni kuwa hannunsa nake kallo, ya damƙe ƙarfen gadon har jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa.

"Likita, yi haƙuri in sa baki," na ce. "Mutumin nan kullum sai ya yi amai. Fuskar nan da ka gani ba ƙiba ba ce. Kuma ya sha magani kafin mu fito."

Takwas ya kwashe da dariya.

"Ka ji Yaya ko? In kyanwa ta yi tari a unguwa sai ta ce ni ne. Gajiya ce kawai, likita. Tsohon ɗan ƙwallo ai ba ya rasa ɗan abin da ba a rasa ba."

Likitan bai biye masa duka ba. Ya ce jininsa ya hau sosai, ya rubuta gwajin jini da na fitsari, ya ce a yi su yau ɗin nan kafin mu bar asibitin. Amma layi na jiransa a waje, kuma mutumin da ke gabansa ya sauko daga gado yana wasa da dariya. Ya miƙa masa hannu, suka rabu.

A ƙofar ɗakin gwaji Takwas ya leƙa ya ce mutane sun yi yawa, sai gobe. Na yi magiya, na yi faɗa, ya riga ni fita titi ya tare mota.

"Na tsallake, Yaya," ya ce da muka zauna, yana murna kamar an yi masa kyauta.

Ba mu yi nisa ba maganin ya sake shi. Ya jingina goshi da kujerar gaba, gumi ya jiƙa farar rigar sharkaf.

"Wa ka cuta yanzu in ba kanka ba?" na ce.

Ya amsa ba tare da ya ɗago ba.

"Sau ɗaya na taɓa faɗa wa likita gaskiya. Wata babbar ƙungiya ce, irin wadda ake mafarki. Har sun auna min riga. Likitansu ya ce, gwiwar nan tana damunka? Na ce wani lokaci, in an yi sanyi. Iyakar abin da na ce ke nan. A motar da ta kai ni a ita na dawo. Labari ya bazu cewa gwiwar Takwas ta mutu. Kakar wasa guda cur ina zaune a gida, Malama na goyon fari, ba mai ko kiran wayata." Ya share fuska da hannun riga. "Tun daga nan, in likita ya taɓa ni, bakina da kansa yake cewa lafiya lau."

Gobe ta zama jibi, jibi ta zama wani sati. Malama ta yi lallashi, ta yi kuka, ta yi fushi ta daina yi masa magana, ta dawo ta sake lallashi. Ta ɓoye magungunan, ya sayo wasu ya tura cikin tsohon takalmin ƙwallo. Ni ma na daina gaishe shi na kwana biyu, sai ya zo ya zauna a bencin nan yana miƙo min almakashi tun ban tambaya ba, har na gaji na kula shi.

Wata rana da rana tsaka na ji faɗuwar bokiti a bakin famfo. Na fito na tarar da shi kwance a cikin ruwa, ido a buɗe, yana ƙoƙarin tashi jiki ya ƙi. Maza biyu na gidan suka ɗauke shi. Ko a hannunsu cewa yake santsi ne ya kwashe shi.

Aka ba shi gado, aka sa masa ƙarin ruwa, aka yi gwajin da ya gudar wa. Washegari likitan nan mai gilashi ya zo, wannan karon ba fara'a. Ya ce ƙodojin biyu duk sun kusa tsayawa, shekara da shekaru na ƙwayoyi da alluran kashe ciwo sun cinye su. Ya ce za su yi iya ƙoƙarinsu, amma sai ya san abin da majiyyacin yake ji kafin ya san abin da zai ba shi. Ya matso bakin gadon.

"Ina ne yake maka ciwo?"

Takwas ya juya ido ya kafa wa bango.

"Lafiya lau, likita. Gajiya ce."

Malama tana zaune a kan kujerar roba da kofin shayi a hannu. Ta ajiye kofin a ƙasa a hankali, ta tashi, ta zagaya ta tsaya tsakaninsa da bangon, yadda dole ita zai kalla.

"Baban yara," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Wa kake jira ya ɗauke ka? Babu koci a waje. Babu mai auna maka riga. Ni na ɗauke ka tuntuni, da gwiwar, da bayan, da taurin kan duka. Na san da su na sa hannu. Ba motar da za ta mayar da kai ko'ina. Ka faɗa wa bawan Allahn nan inda ke maka ciwo."

Can sai Takwas ya miƙa hannu ya kamo hannun likitan, ya kai shi kan gwiwarsa ta hagu.

"Nan," ya ce. "Wannan masu jar riga ne. Ranar ma babanka yana wajen, in dai ba ya fashi."

Ya ja hannun zuwa ƙugu.

"Nan masu shuɗiya. Filinsu kamar siminti." Ya kai shi haƙarƙari. "Wannan golanmu ne da kansa, ya fito kamun ƙwallo ya kama ni. Nan kafaɗa, can ƙasar waje, ban ma iya yarensu ba balle in ce ta goce. Wuyan nan ban san na wa ba ne, ya daɗe."

Likitan ya zauna a gefen gadon ya bar masa hannun. Takwas ya bi jikinsa kaf, ƙungiya bayan ƙungiya, har da waɗanda Malama ta ce ita ma ba ta san da su ba. Daga ƙarshe ya kai hannun gefen bayansa, daidai inda aka danna ran nan yana labarin ruwan sama.

"Nan kuma ba na kowa ba ne. Shi ne babban. Kamar ana soka min ƙarfe mai zafi."

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

Likita ya cire gilashi ya daɗe yana goge shi da gefen rigarsa. Ya kira nas ya faɗa mata allurar da za ta kawo.

An gwada wankin ƙoda, jiki bai karɓa ba. Abin da na fi riƙewa daga kwanakin da suka rage shi ne surutunsa. Mutumin da bai taɓa cewa uffan a kan ciwo ba ya zama sarkin ƙorafi. Matashin kai ya yi tauri. Shayi ya yi sanyi. Allurar nas ɗin safe ta fi ta yamma zafi. In ciwon ya taso sai ya saki nishi da ƙarfi, har na gadon kusa ya juyo.

"Wayyo," ya ce wata rana, ya ja ta da tsawo. Sai ya buɗe ido ya dube ni. "Yaya, ashe abin nan da daɗin faɗa. Kuka bar ni ban sani ba."

"Mu muka hana ka?" in ji Malama. Tana dariya hawaye na zuba, tana gyara masa matashin da ya ce ya yi tauri.

'Ya'yansa sun zo daga makaranta sun gan shi. Tsofaffin abokan wasansa ma sun zo, manyan mutane masu furfura, kusan kowanne da irin tafiyarsa. Suka tambaye shi ya jiki, ya ce jiki ba daɗi, suka kalli juna, domin ba amsar da suka saba ji ba ce.

Ya cika wata Talata bayan la'asar, rana ta shigo ta taga ta kwanta a rabin gadon. Ba wani tashin hankali. Malama na riƙe da hannunsa tana yi masa addu'a a kunne, ni ina ɗaya gefen, numfashin ya yi ta nisa da juna har wani bai biyo ba.

Nas ta zo ta cire robar ƙarin ruwa, ta ja zanin gado ta rufe masa fuska. Zanin gajere ne, da ta ja shi sama sai ƙafafunsa suka fito. Duk zamanmu ban taɓa ganinsu babu safa ba. Babu farce ɗaya lafiyayye, wasu baƙi ƙirin, wasu babu su sam. Manyan yatsun sun karkace sun hau kan 'yan uwansu.

Malama ta tsaya tana kallonsu. Sannan ta zare mayafinta daga kafaɗa, ta ninka shi biyu, ta lulluɓe su, ta tura gefunan ƙarƙashin dugadugansa.