Igiyar Mai Usur

Sabon malamin wasanni ya auna filin tseren makarantar sakandare ranar Litinin, ya ce ya gaza da mita takwas da rabi. Kafin la'asar maganar ta iso shagon aski na bakin layinmu, ina zaune ana rage mini gemu.

"Ashe Mai Usur ɗan dabara ne," in ji mai askin. "Shi ya sa yaranmu a gida barewa, in an fita waje kunkuru. Ya rage fili don a ce ya iya koyarwa."

Aka yi dariya. Na ce ya cire mini ƙyallen wuya, na tashi da rabin gemu.

Ni magini ne. Aji uku na yi a firamare, ubana ya miƙa mini cokalin gini. Shekara hamsin ina aiki, ba a taɓa nuna katangata an ce ta karkace ba. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da na Mai Usur, ni na ɗora ta. Shi ne malamin wasanni na makarantar shekara talatin da ɗaya, usur ɗinsa ba ya barin wuyansa ko kasuwa za shi. A lokacin da nake magana ya yi wata huɗu a kwance da ciwon hanta, likita ya ce a kai shi gida a riƙa lallaɓawa. Kowa ya san ma'anar wannan.

Yana da wata igiya, kaurin babban yatsa, mai ƙulli goma. Duk shekara in gasar makaranta ta matso, sai ya kafa turke, ya ja igiyar har ƙullin ƙarshe, ɗalibai su bi ta suna zuba farar ƙasa. Nan ne mita ɗari. Ba ya yarda kowa ya taɓa igiyar sai da izininsa.

Ni na auna masa ita. Yana saurayi, sabon zuwa, ya leƙo inda nake gini ya ce, "Magini, kai ke da abin awo, auna mini mita ɗari." Tef ɗina ƙafa da inci kawai gare shi, da su muke gini a lokacin. A zatona mita da yadi duk abu ɗaya ne, ƙafa uku. Na ji ɗan kokwanto a raina, amma leburorina na tsaye suna kallo, ba zan ce wa ɗan boko ban sani ba. Na auna ƙafa ɗari uku. Ina sa alama, shi yana ƙullawa.

Ranar Talata da safe na ɗauko tsohon tef ɗin na tafi makaranta. Na auna daga turke zuwa turke. Ƙafa ɗari uku cif, ko inci bai kauce ba. Na naɗe tef na nufi ofishin shugabar makaranta. Na same ta da malamai huɗu, har da sabon, suna shawarar a sauke allon da ke ɗakin taro, wanda ake rubuta sunayen zakarun tsere da lokacinsu.

"Baba, lafiya?" in ji shugabar.

"Ba lafiya ba. Filin nan ba Mai Usur ne ya rage shi ba. Ni ne. Ban san mita ba, na ƙi tambaya."

Sabon malamin ya ce, "Ai Baba kuskure ne, kowa..."

"Ban zo neman lallashi ba, Malam. Na zo ne ku daina ambatar sunansa."

Daga nan na bi ta shagon aski na maimaita, a tsaye, ban shiga ba. Mai askin ya ce in zauna ya ƙarasa mini gemun. Na ce ya bar shi haka.

Saura guda ɗaya, mai wuyar. A ƙofar gidan Mai Usur na haɗu da 'yarsa, wadda ake kira Barewa, tana shanya zanen gado. Yanzu tela ce, da 'ya'ya uku, ta rufe shagonta ta zo jinya. Sunanta na kan allon nan tun shekara goma sha tara da suka wuce, babu yarinyar da ta kama ƙafarta.

"Baba Magini, don Allah kada ka gaya masa," ta ce a hankali. "Mun ɓoye masa. Kwana nawa ya rage?"

Na wuce ta, na shiga. Ɗakin na warin magani. An jawo gadon kusa da taga don ya riƙa jin hayaniyar ɗalibai in an tashi. Usur ɗin na rataye a ƙusa saman kansa. Ya rame har zoben hannunsa ya koma babban yatsa, idanunsa sun yi rawaya.

"Wa ya yi maka wannan askin?" ya ce. "Akuya?"

"Yaya jikin?"

"Bar zancen jiki. Jiya yara sun wuce ta tagar nan suna cewa filina gajere ne. Matata ta ce ban ji daidai ba. Barewa ta ce mafarki na yi. Kai ba ka iya ƙarya ba, fuskarka ba ta da wurin ajiye ta. Mene ne?"

Na gaya masa, tun daga tef har leburori. Ya rufe ido, leɓensa na motsi, na san lissafi yake yi.

"Yadi ɗari," ya ce. "Shekara talatin da ɗaya."

"Haka ne."

"Kai jaki ne, Magini."

"Na karɓa."

Ya fara dariya, dariyar ta koma tari, na tallafe shi har ya lafa. Sai ya ɗaga ido ya kalli rufi.

"Ni ma jakin ne. Akwai tef a ɗakin kimiyya, ban taɓa dubawa ba. Na ce aikin Magini ba ya buƙatar dubawa." Ya juya kai wajen ƙofa. "Barewa! Na san kina nan, inuwarki ta shigo."

Ta shigo da kofin ruwa a hannu, ta harare ni.

Abin da ya faru tsakaninsu duk layin ya sani. Shekarar da ta kafa tarihi ya kai ta babbar gasa a birni. Ta zo ta biyar, agogo ya nuna ta ƙara fiye da daƙiƙa guda a kan lokacinta na gida. A gaban motar makaranta, gaban ƙawayenta, ya ce mata matsoraciya, wai ta ga baƙi gwiwarta ta yi sanyi. Ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwarta. Ba ta sake sa takalmin gudu ba.

"Ranar nan a birni," ya ce, "ba ki rage gudu ba. Filin ne ya fi namu tsawo. Ke kin yi iya yinki, ni ne na..."

"Baba, sha ruwa."

"Ki bar ni in gama. Ba tsoro kika ji ba."

"Na ji tsoro mana," ta ce. "Amma na yi gudun."

Ta ba shi ruwan da cokali, sau uku. Ta goge masa baki da gefen mayafinta, ta fita. Na ji ta buɗe famfon tsakar gida, ruwa na ta zuba, ba bokiti a ƙasa.

"Ka gaya wa shugaba kada a sauke allon," ya ce mini. "Yaran sun yi gudun nan da ƙafarsu. A goge mita, a rubuta yadi. Shi ke nan, ba ƙarya a ciki."

Ya rasu ranar Alhamis da hantsi, ana tsakiyar darasi. Barewa na riƙe da hannunsa. Allah ya jiƙansa. An ɗaga gasar bana da mako guda. Shugaba ta sa ɗaliban ƙungiyar zane suka gyara allon, sunaye talatin da ɗaya na nan yadda suke, kalma ɗaya kawai aka canza a sama.

Ana jibi gasar na je fili da kaina. Sabon malamin ya riƙe kan tef ɗinsa, na riƙe gindi, muka auna sau biyu. Na kafa sabon turke mita takwas da rabi gaba da tsohon. Ramin tsohon na nan, ciyawa ba ta taɓa fitowa a wurin ba.

Da muka gama ya shiga ɗakin ajiya ya fito da igiyar a kafaɗa.

"Baba, igiyar nan da sauran ƙarfinta. Mu kwance ƙullin, mu ƙara mata tsawo, mu sake ƙullawa daidai. Kai da ka san ta."

Na karɓe ta. Ƙullin sun yi baƙi da gumin hannu, farar ƙasa ta cika tsagoginsu, sun ƙanƙame kamar dutse. Na bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya har na goma. Na naɗe ta yadda yake naɗewa, daga gwiwar hannu zuwa tafi.

"Baba?"

"Je ka sayi taka," na ce. "Wannan ba za a kwance ta ba."