Haƙoran Difaransha

Baba Orijina ba sunan yanka ba ne, bakinsa ne ya jawo masa. Duk wanda ya tsaya kallon tsohuwar motarsa, mai ƙofa biyu da kujerun fata da suka tsattsage, sai ya dafa bonet ya ce, "Orijina ce. Ko noti ba a taɓa canja mata ba." Wanda ya fi shan wannan huɗuba shi ne surukinsa, uban matar ɗansa, mai irin motar sak, sai dai tasa ta sha gyara har ta gaji. Baba Orijina na kiranta "haɗe-haɗe", a gaban mai ita, yana dariya.

Bayan an yi masa aikin ido, ɗan nasa ya so ya karɓe makulli. Aka kai ruwa rana, sannan suka daidaita: zai ci gaba da tuƙi, muddin allurar maleji ba ta wuce sittin ba. Tsohon ya yarda, don in aka raba shi da sitiyari, shi dai bai san abin da zai tashi yi da safe ba.

Ana nan sai motar ta fara wani gurnani daga baya. Bakanikensa ya shiga ƙarƙashi, ya kwance tulun ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya, ya fito da giya a hannu, haƙoranta sun cinye.

"Baba, difaransha ce ta mutu. Ta shekarar motarka kuwa, ko a mafarki."

Suka zaga wajen masu yanka motoci, suna tsallake ƙofofi da injuna masu tsatsa, har suka samu difaranshar ƙanwar motar, wadda aka ƙera bayan shekara uku. Bakaniken ya juya ta a hannu.

"Za ta zauna daram. Amma haƙoranta sun fi yawa. Inji zai riƙa ihu, allura ta haye sama, mota kuwa tana tafiyar hawainiya. In ka ga tamanin, to ba ka kai sittin ba."

"Sa mata. Amma in maganar nan ta fita daga garejin nan, ni da kai ne."

"Wa zan faɗa wa, Baba? Ni da ba na ko fira."

Ƙarya yake, ya fi rediyo surutu, amma wannan karon ya riƙe amana. Baba Orijina da hannunsa ya shafa wa sabon tulun baƙin mai da ƙura, don kada ya yi ƙyalli.

Ranar da abin zai faru, motar ɗan ce ta ƙi tashi, ya roƙi uban ya sauke shi a wurin aiki. Tsohon na tuƙinsa a natse, da kunne da ƙafa kamar yadda ya saba, sai ya ji an dafe masa hannu.

"Baba! Tamanin? A cikin gari?"

Daidai lokacin wani mai babur ɗauke da katifa biyu ya wuce su ya ba su iska. Ɗan ya bi shi da kallo ya girgiza kai.

"Ka gani ko? Shi wancan ma ya fi ɗari. Mutane ba sa son ransu."

Baba Orijina ya tuna sharaɗin sittin, ya tuna asirin da ke ƙarƙashin motar. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai ji ba ko a ɗakin aikin ido.

Da yamma aka zauna a falo, kuma don ƙarin gishiri a miki, ɗan ya gayyato surukin ya taya shi ba da baki. Aka kashe talabijin. Ɗan ya zayyana komai dalla-dalla, don da gaske uban yake ji wa tsoro. Surukin ya saurara yana shafa gemu, sannan ya juyo.

"Malam, ko dai an taɓa difaransha ne? Tawa ma da aka sa mata ta wata shekara, haka take yi. Allura na tamanin, masu keke na gaishe ni suna wucewa. In haka ne, yaron nan ba shi da hujja. Mu leƙa ƙarƙashi mu gani, shi ke nan magana ta mutu."

Babu gatse a muryarsa, abin da ya fi yi wa Baba Orijina ciwo ke nan. Mutumin da ya yi shekaru yana yi wa dariya ne ke miƙo masa igiya. Kalma ɗaya zai faɗa, makulli ya zauna a aljihunsa. Ya dubi ɗansa, ya dubi surukin, ya hango gobe a bakin gareji ana cewa ashe ita ma haɗe-haɗe ce.

"Wa zai leƙa min ƙarƙashin mota?" ya ce. "Tamanin na yi. Ƙafata ce ta yi nauyi."

Ya laluba aljihu, ya ajiye makullin a kan tebur kusa da kofunan shayi. Surukin ya dube shi, ya ce, "To, Allah ya kyauta," ya nemi takalmansa.

Ɗan ne ya zaga da motar ta bayan layi zai sa ta a rumfa. Baba Orijina na tsaye a bakin ƙofa, hannu a baya, yana jin injin na ihu tun daga kwana, motar na tahowa a hankali. Ɗan ya fito yana share zufa.

"Kai, Baba, ashe ba laifinka ba ne kaɗai. Ɗan taɓawa na yi, sai ga saba'in. Motar nan akwai wuta!"

Tsohon ya ji wani daɗi ya ratsa shi, har ya manta cewa gobe a ƙafa zai fita.

"Ai da ma na gaya maka," ya ce. "Ba a yin irinta yanzu."