Tuƙar Magani a Bakin Lungu

Mutanena, ya garin? Masu karantawa a ɓoye a wurin aiki, ina ganin ku fa. Yau labari na kawo daga lungunmu na Penang, amma ku rage dariyar, wannan ba irin na kullum ba ne.

Akwai wata tsohuwa, Suan Tee, da ke riƙon jikarta Hui Shan, 'yar shekara biyar. Kirci ya kama yarinyar nan a bayan gwiwa da wuya da lanƙwasar hannu. Susa take har jini. Kakar ta ɗinka mata safar hannu, ja'irar da haƙori take cirewa.

Ta kai ta wurin mai magani, Sinse Ooi. Ya duba harshe, ya taɓa jijiyar hannu, ya ce zafi da laima ne suka taru a jiki. Ya auna saiwoyi da ɓawon itace ya ƙulle a takarda. Ruwa kwano uku a tukunyar ƙasa, a dafa har ya koma kwano ɗaya. Ban da jatan lande, ban da ƙwai, ban da mangwaro.

To kun san tsofaffinmu. In an tace magani, tuƙar ba ta shiga shara. A hanya ake zubarwa, bare ya taka ya tafi da ciwon. Sinse kansa dariya yake wa wannan, amma je ka gaya wa Suan Tee. Kullum da safe sai ta zuba a bakin lungu, inda masu babur ke juyawa. In ta dawo daga kasuwa ta tarar an taka, ranta ya yi sanyi.

Sati uku, fatar yarinya ta fara lafawa. Har barci take ba safar hannu.

Ranar nan Suan Tee ta leƙa gidan Gaik Eng, ƙawarta ta shekara arba'in, wadda ke zaune ita kaɗai a ƙarshen lungun. Ta same ta tana susar hannu da bayan cokali, fatar ta yi ja jawur.

"Ke tsohuwar banza, mene ne wannan?"

"Sauro ne. Jinina zaƙi gare shi, ba irin naki ba."

Suan Tee ba ta yi dariya ba. Washegari ta zuba tuƙar, ta laɓe bayan ƙofa. Babu babur ko ɗaya. Sai ga Gaik Eng ta fito da sandarta, ta duba hagu da dama, ta cire silifa, ta tattaka tuƙar nan da ƙafa biyu, ta juya gida.

Suan Tee ta fito da tukunya a hannunta.

"Yaya Eng! Tun yaushe?"

"Tun ranar farko. Ke kin ɗauka masu babur makafi ne? Kewayewa suke. Kwana ɗaya da na bari ta bushe a nan, kaji ne za su yi kirci."

"To na daina. Ko ni in taka."

"Kai, ƙwaƙwalwar kifi. In kika taka, ina za ki kai shi? Cikin gida, kan tabarmar yarinya."

"Sai in kai babban titi."

"Ki zuba wa 'ya'yan mutane da ba su ji ba ba su gani ba? Gara wanda ya sani ya taka. Fatata ta shekara saba'in da huɗu, wa zai duba ta? Ba miji nake nema ba."

Suan Tee ta ja ta dole zuwa wurin Sinse. Ya duba, ya ce sabulun wanki ne ta canza, tuƙa ba ta ɗaukar komai. Tsofaffin biyu suka ce to, suka gode, babu wadda ta yarda. Ya ƙulle wa Gaik Eng nata maganin.

Da safe tukunya biyu Suan Tee ta ɗora. Ta zuba tuƙar Hui Shan a bakin lungu, Gaik Eng ta taka. Sannan ta ɗauki tukunya ta biyu, ta zuba a ƙofar Gaik Eng, ta sunkuya tana cire takalmi.

"Me kike yi?"

"Naki nake takawa. A gidanki ai ni bare ce."

"Ki kai wa yarinya?"

"Ba gida zan shiga ba. Bakin teku zan je in wanke ƙafa tukuna."

"Da wannan gwiwar taki? Tafiyar awa guda ce."

Suan Tee ta taka. Gaik Eng ta juya. Ta shiga ciki ta ɗauko lema da sandarta, ta ce ba za ta bar mahaukaciya ta tsallaka titi ita kaɗai ba.

Haka suke yi har maganin ya ƙare. Hui Shan ta warke sai ɗan tabo a wuya.

Yanzu ku faɗa min gaskiya, ban da cika baki. Da kai ne ka laɓe bayan ƙofar nan ka ga wadda ke takawa, washegari za ka sake zubawa?