Gaurakin Muchia

Ɗanmaraya tsohon maharbi ne a Zabi, ya aje bindiga tun shekarar da ya shiga coci. Abin da ya tsaya masa a rai fadamar bayan gidansu ce, inda gauraki ke ƙwai a da, yanzu kuwa masu bulo sun fara cinta ta gefe. Sai ya ji labarin wata Jemimah a Samaru da ke lissafin inda ya kamata a keɓe wa gauraki. Duk inda lissafin nan ya nuna, hukuma za ta hana a taɓa.

Sau huɗu yana hawa acaɓa zuwa ofishinta, sau uku babu wuta. A na huɗun ta juyo masa kwamfuta, taswira ta fito, wani wuri ya yi jawur.

"Baba, nan ya fi dacewa da su."

"Ina ke nan?"

"Muchia."

"Muchiar Sabon Gari? 'Yata, cikin baƙin man bakanikai tsuntsun zai yi sheƙa?"

"Ba ni na faɗa ba, Baba. Sau goma sha tara aka gan su a can. Martins, abokin aikina, ya rubuto kwanan wata da wurin da ya gan su."

Aka kirawo Martins.

"Kai, a sama ka gan su ko a ƙasa?"

"A ƙasa, Baba. Cikin gidaje."

"Da ka matsa, sun tashi?"

Martins ya sosa ƙeya.

Ɗanmaraya ya ce, "Ina za su tashi, an yanke musu fiffike! Na ado ne, masu hali suka saya suka kulle. Kun ƙirga fursunoni, kun ce gidan yari suke so."

Jemimah ba ta yi musu ba. Ta goge sha taran, saura gani biyu kacal a kwamfutar, lissafi ya ƙi tafiya.

"To ba ni naka, Baba. Yaushe ka ga na ƙarshe a fadamarku?"

"Daminar da ruwa ya cinye mana gada."

"Wace shekara? Lamba injin yake karɓa."

Ɗanmaraya ya san ciyawar da suke sheƙa da ita, ya san zurfin ruwan da suke so, iya ƙauri. Lamba ce bai sani ba.

"Sai dai a sake ƙirga baɗi," in ji ta a hankali.

"Baɗi? Me za ku tarar ku ƙirga?"

Ta bar gurbin shekarar fayau. Fadamar ba ta shiga taswira ba.