Algus

Injin shaƙa magani yana ta gurnani, amma ko alamar tururi babu. Yarinyar da ke gado na huɗu, mai ciwon asma, tana jan numfashi kamar ana busa usur a ƙirjinta. Uwarta na riƙe mata takunkumin a fuska.

Babbar Sista ta ɗaka wa injin duka da tafin hannu. "Shi ma ya mutu. A kai shi sito wajen 'yan'uwansa uku. Baiwar Allah, sai dai ki kai ta babban asibiti."

"Sista, tafiyar awa biyu fa! A haka?"

Sabuwar malamar jinya, wadda aka laƙaba wa 'Yar Takarda saboda komai sai ta kafa hujja da littafi, ba ta jira izini ba. Ta cire ɗan kofin maganin, ta karkata shi a hasken taga. Maganin ya gangaro a hankali kamar zuma.

"Wa ya zuba wannan babu ruwan gishiri?"

"Ni ce," in ji Babbar Sista. "Tun da aka canza mana magani haka nake zubawa. Shekara ashirin ina aikin nan, ban taɓa yi wa magani algus ba. Ce miki aka yi mai sayar da madara ce ni?"

Ran 'Yar Takarda ya ɓaci. Inji uku an yanke musu hukuncin mutuwa, babu wanda ya karanta jikin kwali!

"Ba algus ba ne, Sista. Iska injin yake hurawa, ta farfasa ruwan ya zama tururi. Mai kauri ba ya farfasuwa. Maganin yana nan da ƙarfinsa, hanya kawai za a ba shi."

"In wani abu ya same ta, a wuyanki."

"Na ɗauka."

Ta zuƙo ruwan gishiri a sirinji, ta zuba daidai yadda kwalin ya ce, ta girgiza, ta kunna. Farin tururi ya cika takunkumin. Ba a yi minti goma ba usur ɗin ya fara lafawa. Can yarinyar ta ture hannun uwarta, ta ce ƙishirwa take ji.

Babbar Sista ta daɗe tana kallon tururin. Sannan ta laluba aljihu, ta ajiye makullin sito kusa da sirinjin.

"'Yar Takarda, in kin gama, je ki gaishe min da matattun nan uku. Ki tafi musu da algus ɗin naki."