Jar Roba a Kan Liba

Tun kafin motar ta shigo garejinsa Malam Ɗalhatu makaniki ya san bayanta ya ci wuta. Tana karyo kwanar hanyar Maigatari ya ji ƙas-ƙas-ƙas daga ƙarƙashi, tayoyin baya suna gurzar kwalta. Tsohuwar motar soja ce, ta girmi direbanta nesa ba kusa ba. Hajiya Lauratu mai riɗi ta saye ta a gwanjo, don ita kaɗai ke iya keta rairayin ƙauyukan Sule Tankarkar da buhuna a bayanta.

Direban kuwa Abdulbaqi ne, mijin Tayyiba, 'yar Malam Ɗalhatu ta fari. Surukin nan bai taɓa kwanta masa a rai ba. Yaro ne mai sanyin jiki, in ya zo gaisuwa sai ya durƙusa can nesa ya kafa wa ƙasa ido, kuma Malam Ɗalhatu ya daɗe da yanke cewa mai irin wannan sanyi ba zai iya da babbar mota ba.

Hajiya ta sauko daga Keke tana huci. Gobe Alhamis, kasuwar Maigatari, ga riɗinta jibge a Gagarawa. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba, ta ce sati uku ke nan da aka gyara bayan motar nan a wannan garejin, saboda haka yau sai an gaya mata mai laifi. In direba ne, a nan zai ajiye mata makulli. Aka sa mata benci a inuwar darbejiya, ta zauna tana kaɗa ƙafa.

Malam Ɗalhatu ya shiga ƙarƙashi da sifana da tsohuwar tasa. Ya kwance noti a gindin tukunyar aksil, inda haƙoran da ke raba wa tayoyi ƙarfi suke, man giya ya zubo. Ya murza shi a yatsa ya ji tsaki-tsaki, ya ɗaga a rana ya ga garin ƙarfe yana ƙyalli. Tayyiba na da cikin wata takwas, kuma gidan nan ba su da abin dogaro sai wannan tuƙi. Haushi ya turnuƙe shi, ya fara shirya maganar da zai yaɓa wa yaron, kunya ko ba kunya.

Ya sa jak ya ɗaga tayoyin baya duka biyu, ya juya ta dama da hannu. A lafiyayyar mota ta hagu baya za ta yi. Wannan sai ta bi 'yar'uwarta gaba, tamkar an haɗa su da walda. Ya sake juyawa, haka dai. Ya zare sandar aksil ta dama, ya ga bakinta ya murɗe kamar igiyar guga.

Wannan ba aikin lodi ba ne, ba kuma tsufa ba ne. Motocin soja suna da wata liba kusa da kujerar direba, in an ja ta sai tayoyin baya su kulle su yi tafiya ɗaya, don fita daga yashi. Da an hau kwalta dole a sake ta, in ba haka ba kowace kwana sai ta murɗe ƙarfe. Ashe yaron a kulle yake ta yawo da ita.

Hajiya ta ce, "Malam, na ga fuskarka ta canza. Direba ne ko?"

Ya goge hannu ya hau gaban motar, ya ɗaga buhun da aka shimfiɗa gefen kujera. Ga liba nan a jaye, an ɗaure ta tamau da jar roba a jikin ƙafar kujera.

Ya daɗe yana kallon robar nan. Duk Gumel ba mai jan tif ɗin taya sai shi, yana nan rataye a ƙusa tun zamanin mahaifinsa, yana yankar kaɗan-kaɗan. Ƙullin ma nasa ne, zagaye biyu a soke. Ranar da ya gama gyara ya fita gwaji cikin yashin bayan gari, libar tana ta suɓucewa, ya ɗaure ta da niyyar kwancewa in ya dawo. Aka kira la'asar, ya tafi masallaci, shi ke nan.

Ya leƙo ya kira Abdulbaqi da hannu. Yaron ya matso ya tsaya jikin ƙofa, kai a ƙasa. Cikin raɗa Malam Ɗalhatu ya tambaye shi ko ya ga wannan robar, ko kuma ya san aikin libar.

"Na gani, Baba. Na sani."

"To me ya hana ka kwancewa? Me ya hana ka tambaya ta?"

"Ɗaurinka ne, Baba."

Sati uku yaron yana jin mota tana kuka a kowace kwana, yana rage gudu, yana addu'a, amma bai iya buɗe baki ya ce wa surukinsa ya yi mantuwa ba. Yanzu ma makullin yana tafin hannunsa, ya riga ya cire shi daga zobe tun kafin a nema. Kunya ta rufe Malam Ɗalhatu.

Hajiya ta miƙe ta tako. Shekara talatin ba a taɓa dawo wa Malam Ɗalhatu da aiki ba, kuma ya san kafin magariba labarin zai kai tasha. Ya zaro wuƙa ya yanke robar, ya sauko ya ɗora mata a tafin hannu.

"Hajiya, ga mai laifin. Ni na ɗaura, ni na manta. Ki bar masa makullinsa."

Ya juya zai koma ƙarƙashin mota, ya ce ba tare da ya dubi kowa ba, "Abdulbaqi, miƙo min sifana sha tara." Tun ranar ɗaurin aure, yau ne ya fara kiran sunansa.