Ruwan da Na Hana Arzika

Sunana Manzo. A Tawa Sarja ake ce mini, ko da yake da kofur na bar soja. Shekara goma sha biyar na yi ƙarƙashin Faransa, can na koyi ƙwallo. Da na dawo gida, ni na fara tara samari a filin bayan kasuwar dabbobi. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma duk wanda ya iya taka ƙwallo a garin nan ta hannuna ya bi.

Daminar shekara ta huɗu bayan mulkin kai, wasa ya tsaya kamar kullum, ƴan wasa sun koma gona. Sai masu kula da matasa suka aiko cewa ana son kowane ƙauye ya samu ƙungiyar yara. An tara ƴan sa kai mutum tara, in koya musu yadda ake koyarwa. Kwana goma aka ba ni, tsakanin noman farko da maimai. Suna kwana a aji, tun da yara na hutu.

Biyu daga cikinsu nake son a riƙe. Akwai Attahiru, malamin lakwal ɗin Takanamat, Mushe ake ce masa yadda ake kiran malamai da Faransanci, wanda ko tari na yi sai ya rubuta a kayensa, wato littafin rubutunsa. Akwai Illa, manomi daga Bambeye. Ranar farko da na gan shi na kawar da kai. Kunnuwan yayansa gare shi, da tafiyar yayansa. Yayan shi ne Arzika, wanda ya mutu a filina shekara shida kafin nan.

Dokokina uku ne. Ba a zuwa a makare. Ba a zagin uwar abokin wasa. Ba a shan ruwa sai an tashi. Ta ukun wani sarja Bature ya dasa mini ita a bariki. Ya ce ruwa na nauyaya ciki, ya kashe ƙafa, namiji yawu yake haɗiyewa. Na ɗauka yadda ya ba ni.

Arzika dako yake yi a tasha. Ban taɓa samun mai gudunsa ba. Wata ranar bazara, da hantsi, na sa su zagayen fili. Ya roƙe ni ruwa sau uku. Na farko da dariya. Na biyu babu dariya. Na uku ya matso kusa da ni don kada sauran su ji, ya ce, "Baba Sarja, kurɓi ɗaya." Na ce zagaye biyu ya rage. Ya yi ɗaya da rabi.

A asibiti ma'aikacin jinya ya ja fatar hannunsa, ya saki, fatar ta tsaya a tsaye. Ya dube ni ya ce, "Ƙishirwa ce da rana. Jikin nan babu ɗigon ruwa." Mu biyu ne a ɗakin. Da na fito, jama'a sun cika ƙofa, suna tambaya. Bakina ya ce yaron ya zame ne ya kwankwaɗi ruwa da zafin gudu, shi ya kashe shi. Aka yarda, don ni na faɗa. Ma'aikacin nan aka canza masa gari shekarar.

Tun daga ranar, in na busa usur fili ya yi shiru, ina jin muryar Arzika bayan kafaɗata ta hagu. Da rana tsaka, cikin mutane. Ba ya ɗaga murya, ba ya fushi. Roƙo yake, kamar yanzu ya fara. Na mayar da horo yamma. In yaro ya zame wajen tulu, sai in dubi wani wuri. Amma dokar ban janye ta da bakina ba. Janye ta na nufin a tambaye ni dalili.

Mutanen nan tara na ba su doka biyu, na haɗiye ta uku. Na koya musu zana fili da toka, da yadda za su kai ƙwallo wurin baduku in ta yage. Na koya musu bugu da cikin ƙafa. Na ce yaro ba a koya masa da tsawa daga nesa, durƙusawa ake a kama ƙafarsa a gyara.

Attahiru ya ce, "Sarja, a sake faɗi a hankali, in rubuta."

"Mushe, takardarka ba ta da ƙafa. Aje ta ka buga."

Ya buga, takalminsa ya riga ƙwallon isa raga. Illa ya ce, "Rubuta wannan ma, Mushe. Takalmi ɗaya, Takanamat sifiri." Har ni na kusa dariya.

Kwana na bakwai na sa kowa ya fito ya koyar, sauran su zama yaransa. Da aka zo kan Illa ya tsaya da hannu a baya, yadda nake tsayawa. Ya kawo doka biyu. Sannan ya ce, "Akwai ta uku, Baba Sarja ya manta. Ba a shan ruwa sai an tashi. Wanga ba labari aka ba ni ba, a gidanmu ta faru. Yayana ya karya ta, ya mutu nan inda kuke tsaye. Ni yaran Bambeye, duk wanda na kama da ruwa a baki, sai na zane shi. Gara ya yi kuka da uwarsa ta yi."

Ya juyo ya dube ni, yana jiran in gyaɗa kai. Na gyaɗa. Attahiru ya rubuta, sauran da suka iya boko suka rubuta.

Kwana biyu ban yi magana a kai ba. Ina koyar da tsaron gida, ina lissafi a zuci. Ƙauye tara. Kowane ƙauye yara ashirin. Yanzu damina ce, akwai gajimare, amma bazara za ta dawo, kuma a arewa ko inuwar kirki babu. Waɗannan mutane ba za su kawar da kai ba yadda nake kawarwa. Sun yarda da dokar fiye da ni, don an ba su gawa shaida. Muryar kuwa ta daina jiran usur. Ko ina tsakiyar magana tana nan.

Ranar ƙarshe da safe na ɗauko tulu daga gida, da kaina. Mata suna kallona a hanya, tsohon soja da tulu a kafaɗa. Na aje shi tsakiyar fili. Na tara su, na ce su zauna. Ni na tsaya.

Na ce, "Doka ta uku ƙarya ce. Ku goge ta. Yaro in ya nemi ruwa a ba shi. In bai nema ba a kira shi ya sha."

Illa ya ce, "Baba Sarja, to yayana fa?"

"Yayanka bai sha ruwa ba. Ya roƙa, na hana. Ƙishirwa ta kashe shi. Ni na ƙirƙiri maganar shan ruwan a ƙofar asibiti."

Na ji alƙalami yana gogewa, ɗaya, biyu. Attahiru bai goge ba. Ya ce, "Amma Sarja, Turawa haka suke yi. Wataƙila shi ciwo ne da shi."

"Na ce ka goge."

Ya ja layi siriri a kai, wanda ana iya karanta abin da ke ƙasa. Na gani. Har yau ban san abin da ya koya wa yaran Takanamat ba.

Illa ya tashi. Na ɗauka dukana zai yi, kuma ba zan ɗaga hannu ba. Sai ya tsaya nesa da ni kamar taku uku, yana duban ƙasa.

Ya ce, "Shekara shida Inna tana cewa rashin jin magana ya kashe ɗanta. Da shi take yi wa ƙannena faɗa. Ni ba zan kai mata wagga magana ba. Kai ka ɗauko ta, kai za ka sauke."

Washegari na bi shi Bambeye a ƙafa. Yana gaba, ina baya, gero ya kai gwiwa dama da hagu. Haka muka isa.

Uwarsu Habsatu tana tsakar gida tana tsince wake. Ta san ni, na zo gaisuwar mutuwa a wancan lokacin. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta shiga ta kawo ruwa a ƙwarya, ta durƙusa ta aje gabana, yadda ake yi wa baƙo kafin a tambaye shi abin da ya kawo shi. Na dubi ƙwaryar. Ban taɓa ta ba.

Ta ce, "Sarja, sha mana. Hanya da nisa."

Na ce, "Sai kin ji abin da na zo da shi."

Na faɗa mata, ban rage ba. Tana zaune, wake a cinyarta. Arzika ɗanta ne na fari, kuma a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ko yana raye ko ya mutu. Yaron nan take cewa.

Ta ce, "Sau nawa yaron nan ya roƙa?"

"Uku."

"Mi ya ce?"

Na faɗa mata kalmomin yadda ya faɗe su. Ban taɓa furta su ba sai ranar. Da suka fito daga bakina, ban gane muryar ba.

Ta aje waken gefe. Illa yana tsaye a bakin zaure. Sannan ta ce, ba da ni take ba, "Ashe ya ji magana. Arzika ya ji magana."

Illa ya juya ya fita waje.

Ta miƙo hannu ta ɗauke ƙwaryar daga gabana. Ta riƙe ta a cinya da hannu biyu, ba ta sha ba, ba ta zubar ba. Na jira ta zage ni ko ta sallame ni. Ba ta yi ko ɗaya ba. Da rana ta take na tashi, na naɗe mata tabarmarta, na jingine da bango, na kama hanyar Tawa.